Ina ji, ganewa ce ba na yi: yadda za ka san kunnenka da na'urar ji da ta dace da kai

Mutumin da jinsa ya fara ja da baya shi ne na ƙarshe da zai sani a gidansa. Uwargida ta sani, don sai ta maimaita magana kafin ya amsa. Yara sun sani, don rediyonsa ba ya barin kowa ya yi barcin safe. Abokan majalisa sun sani, don ana zancen tsadar taki sai ya ce "Allah ya jiƙansa". Shi kuwa in ka tambaye shi, cewa zai yi mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki, duk magana a hanci suke yin ta.

Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne. Ƙuruciyata a ɗakin saƙa ta ƙare, a wata masaƙa da ke Kakuri a Kaduna, zamanin da injuna ba sa hutawa dare da rana. A ɗakin nan ba a magana sai da hannu da leɓe. In ka tashi aiki ka fito, kunnenka na ta yi maka "shuuu" har ka isa gida, gari ya waye ka ji ya washe, ka ce ai ba komai. Ashe kullum akwai ɗan abin da ke tafiya wanda ba ya dawowa. Yau na'urar ji ce a kunnuwana biyu, kuma tun da mutane suka gan ni da ita suke jawo ni gefe bayan salla: "Malam, wannan abin a ina ake sayensa, nawa ne?" Amsata kullum ɗaya ce, kuma ba ta yi musu daɗi: ba da saye ake farawa ba, da gwaji ake farawa.

Dalili shi ne rashin ji ba iri ɗaya ba ne. Sauti yana shiga ta ramin kunne ya bugi dodon kunne, dodon ya girgiza wasu ƙananan ƙasusuwa guda uku, su kuma su miƙa girgizar can ciki, inda akwai wani abu nannaɗaɗɗe mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu gashi-gashi kimanin 15,000, su ne ke mayar da girgiza ta zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. To in matsalar a hanya take, wato datti ya toshe ramin, ko dodon kunne ya huje, ko ruwa ya taru a bayansa, sau da yawa magani ko wanki ko tiyata na gyara ta, ba ka buƙatar na'ura sam. Na san wani dattijo da 'ya'yansa suka fara haɗa kuɗin na'ura, aka je asibiti aka zaro masa dunƙulen datti baƙi ƙirin, ya fito yana cewa a rage masa murya. In kuwa ƙwayoyin nan na ciki ne suka mutu, kamar nawa, ba sa sake tsirowa. Babu ɗigon magani, babu allura, babu haɗin gargajiya da zai tashe su. Nan ne na'ura ke da aiki. Akwai kuma wanda ya haɗa biyun. Ba mai iya rarrabe maka wanne ne naka ta hanyar kallo, balle mai sayar da kaya.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne, irin wannan rashin ji na ciki ba ya ɗauke sauti gaba ɗaya. Siraran sauti yake fara ci. Za ka ji tsawa, ka ji babbar mota, ka ji ganga daga nesa, amma s da sh da f da ts su ɓace maka daga magana. A ce "kifi" ka ji "kishi", a ce "fata" ka ji "sata". Amon maganar na shiga kunnenka sarai, hawa da saukarta duk kana ji, kalmomin ne ba sa fita. Shi ya sa muryar mata da ta yara ta fi wuya, shi ya sa kuma kai da mutum ɗaya a ɗaki ba ka da matsala, amma a wurin ɗaurin aure ko a kasuwa sai ka koma gyaɗa kai da "haka ne, haka ne". In ka lura ka daina jin kukan gyare da dare, ko kana juya wani kunnen musamman in za ka amsa waya, ko huɗubar Juma'a ta koma maka guna-guni alhali na kusa da kai yana ta girgiza kai, ko kana gajiya tiƙis bayan zama da mutane ba tare da ka yi aikin komai ba, to lokacin gwaji ya yi.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ce sama da mutum biliyan ɗaya da rabi ne ke da raunin ji iri-iri a duniya, miliyan 430 daga cikinsu abin ya kai ga suna buƙatar taimako, kuma cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da ɗaya cikin huɗu ne. Tsufa na kawo shi, amma a wajenmu ba tsufa kaɗai ba ne. Ƙara na gaba-gaba: injin niƙa, injin casar shinkafa, walda da bugun ƙarfe, janareta a bakin taga, lasifikar biki da ake zaunar da yara a gabanta, da iyafis ɗin da samari ke kwana da shi a kunne. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum wajen 60 ce. A desibel 85, awa takwas ne iyakar abin da kunne ke ɗauka a yini ba tare da illa ba, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 100 kuwa minti 15 kacal. Ba sai kana da ma'auni ba. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye a gabanka ya ji ka, wurin yana cin kunnenka.

Sai cututtuka. Sanƙarau, wanda annobarsa ta 1996 ta bar yara da yawa a Arewa ba sa ji. Ƙyanda da hangum. Shawara mai tsanani a jariri. Kunnen da ke ɗigar ruwa ko mugunya shekara da shekaru ana cewa zai daina in yaro ya girma. Zazzaɓin Lassa, wanda kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke yake taɓa jinsu. Akwai na gado, wanda ya fi fitowa a zuri'ar da auren zumunci ya yi yawa. Akwai kuma magunguna, irin su allurar jentamaisin da sitireftomaisin, waɗanda in an yi amfani da su ba bisa ƙa'ida ba suna iya kashe ji har abada. Kwinin ma na sa kunne ƙara, duk da shi yawanci yana sakin mutum bayan an gama. Ba cewa na yi ka yar da maganin da likita ya rubuta maka ba. In kana kan allura ka ji kunnenka ya fara ƙara ko jiri na ɗibarka, koma ka gaya masa a ranar, kuma ka daina karɓar allura a kemis don wani ya ce ita ce mai ƙarfi.

Abu biyu ba sa jira. Na farko, in ka kwanta lafiya ka tashi ka ji kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, kada ka zauna kana ɗiga man zaitun ko ruwan albasa kana jiran ya buɗe. Wannan na gaggawa ne. Maganin da likita ke bayarwa ya fi aiki a kwanakin farko, in aka wuce mako biyu damar ta ragu ƙwarai. Na biyu, yaro. Jaririn da ba ya firgita in an buga ƙofa, ko ba ya waiwayowa in an kira shi bayan ya yi watanni, ko ya shekara biyu ba ya haɗa kalma, a kai shi. Kada a tsaya kan "babansa ma bai yi magana da wuri ba". Akwai gwajin da ake yi wa jariri yana barci, ba zafi, 'yan mintuna ne. Masana sun fi son a duba jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida, domin da kunne yaro ke koyon magana. Wanda kuma ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa da wuri, ko da ya yi kama da ya warke sarai.

Ina za ka? Wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1999, aikinta ke nan. Asibitocin koyarwa ma suna da wannan sashe: na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri. In kana son ka ɗan taɓa kafin ka tashi, akwai manhajar waya ta kyauta mai suna hearWHO, wadda ke faɗin lambobi cikin hayaniya kai kuma kana dannawa. Tana nuna maka ko akwai alamar matsala, amma ba a sayen na'ura da sakamakonta.

Likita zai fara leƙa kunnen da 'yar tocila, ya ga ko datti ne, ko huji, ko ciwo. In hanya a buɗe take sai a tura ka ɗakin gwaji. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai ƙofa mai kauri, in aka rufe har bugun zuciyarka kana ji. Za a ɗora maka abin sauraro a kai, a ce duk lokacin da ka ji ɗan "tiii", komai ƙanƙantarsa, ka danna maɓalli ko ka ɗaga hannu. Kada ka yi jarumta, kada ka yi canke. In ka danna abin da ba ka ji ba, kanka ka cuta, don da wannan sakamakon za a saita maka na'ura. Bayan haka a ɗora maka wani abu a ƙashin bayan kunne, wanda ke aika sauti kai tsaye ciki ba ta rami ba. Bambancin gwajin biyu shi ke nuna ko matsalar ta hanya ce ko ta ciki. A wasu wuraren za a kuma faɗi kalmomi ka maimaita. In Turanci ba ya zaune maka, ka faɗa tun farko, kada a lissafa rashin Turanci cikin rashin ji.

Takardar da za a ba ka, kada ka naɗe ta ka jefa a aljihu. Karanta ta ba wuya. A sama akwai lambobi daga 250 zuwa 8000: hagu sauti masu kauri, dama sirara. A gefe akwai desibel, daga sifili a sama ana gangarowa ƙasa. Jan da'ira kunnen dama ne, shuɗin gicciye na hagu. Duk yadda alamar ta gangara ƙasa, haka jinka ya ragu a wannan sautin. Wanda alamominsa ba su kai 20 ba lafiya lau yake. Daga 20 zuwa 35 rauni ne kaɗan, 35 zuwa 50 matsakaici, 50 zuwa 65 ya fara nauyi, 65 zuwa 80 mai tsanani, abin da ya wuce nan kuwa sai an yi ihu a kunne ma da ƙyar. Tawa takardar ta fara lafiya daga hagu, tana isa 4000 ta faɗa rami. Ma'aikacin yana gani bai tambaye ni ciwon komai ba, sai ya ce, "Baba, a wace masana'anta kuka yi aiki?" Haka ƙarar inji ke barin sawunta. Ɗauki hoton takardar a waya, ka ajiye ta asali inda kake ajiye takardun gida. Taka ce, ko da ba a wurin za ka sayi na'ura ba.

Yanzu ga inda yawancin mutane ke asarar kuɗi. A kasuwa da intanet ana sayar da wasu 'yan abubuwa masu kama da na'urar ji, a kwali mai ƙyalli, da arha. Ƙara sauti kawai suke yi, duka a lokaci ɗaya: muryar matarka, da ƙarar babur, da faɗuwar murfin tukunya. Kai kuma da siraran sauti ne suka ɓace maka, sai a ƙara maka masu kaurin da dama kana ji, maganar ta ƙara dagulewa, kanka ya ɗau ciwo, in aka yi rashin sa'a ma ƙarar ta ƙara cin ragowar jin. Bayan kwana kaɗan abin ya koma cikin durowa, mai shi kuma ya riƙa gaya wa kowa cewa na'urar ji ƙarya ce. Araha dai ba ta ado. Ko a Amurka, inda tun 2022 aka yarda a sayar da wasu na'urori ba tare da ganin likita ba, an taƙaita abin ga manya masu shekara 18 zuwa sama waɗanda rauninsu bai yi tsanani ba. Na'urar gaske ana haɗa ta da kwamfuta ne a shigar da sakamakon gwajinka, ta ƙara inda ka rasa, ta bar inda kake ji, ta kuma danne ƙara mai ƙarfi kada ta buge ka. Yadi ne ka saya, komai tsadarsa ba ya zama riga sai tela ya auna ka ya ɗinka. Don haka mutumin da zai saita maka ita ya fi sunan kamfanin muhimmanci. Phonak, Oticon, Signia, Widex, ReSound, Starkey, duk sanannu ne, duk suna da mai kyau. Wadda ke da mai saitawa da kayan gyara kusa da garinku ita ce taka.

Ta fuskar siffa kuwa, kowa ƙaramar yake so, wadda ke ɓuya cikin rami ba a gani. Na gane dalili, ba wanda ke son a ce masa kurma. Amma ni ba kasafai nake ba mutanenmu shawararta ba. Batirinta ƙanƙane ne, ba ya daɗewa, dattijon da hannunsa ke rawa ko idonsa ya yi rauni ba zai iya canza shi ba, dattin kunne da zufa na saurin toshe ta, kuma ƙarfinta ba ya isar wanda rauninsa ya yi tsanani. Akwai mai cika bakin kunne, wadda ake yi daidai awon kunnenka. Ta fi sauƙin sakawa. Akwai wadda ke zama a bayan kunne da siririyar waya mai 'yar lasifika a cikin rami. Ba ta da nauyi, sautinta na da daɗi, ita ce aka fi yayi yanzu, sai dai 'yar lasifikar na lalacewa in danshi ya yi mata yawa, a tanadi kuɗin canza ta. Sai tsohuwar jaruma, ta bayan kunne mai tiyo da robar da ake zubawa daidai kunnenka. Ita ce mai juriya, ita ce mai ƙarfi, ita ake sa wa yara domin in kunne ya girma roba kawai za a canza, ita ce kuma ta fi jure ƙurar hunturu da zufar bazara. Manomi, direba, ɗan kasuwa mai yini a rana, ni wannan nake nuna musu. Wanda kunnensa ke ɗigar ruwa kuwa sai an fara maganin ɗigar, likita ne zai faɗi irin da za ta yi masa. Wanda kuma rauninsa ya kai inda na'ura mafi ƙarfi ba ta yi masa komai, akwai dashen da ake yi da tiyata a can cikin kunne. Yana da tsada ƙwarai, amma a tambaya, musamman don yaro.

Batir ko caji? Dubi unguwarku kafin ka amsa. Mai caji tana da daɗi, ka ɗora ta da dare ka ɗauka da safe, ba ruwanka da ɓare ƙananan batura. Amma in wuta na yin kwanaki ba ta zo ba, kuma ba ka da sola ko abin ajiye caji, ranar da ta mutu kai ma ka koma shiru. Mai batir kuwa sai ka tabbata ana samun lambarta a garinku. Lamba huɗu ce, kowace da launinta: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Ƙaramin, 10, ba ya wuce 'yan kwanaki. Babban, 675, yana iya kai mako biyu ko fiye. Da iska suke aiki, shi ya sa akwai 'yar takarda manne a bayansu. In ka ɓare ta, jira kamar minti ɗaya kafin ka saka, kuma kada ka ɓare wanda ba yanzu za ka yi amfani da shi ba, don ya fara ƙonewa ke nan ko da ka mayar. Lissafa kuɗin batir na shekara tun kafin ka saya. Ka kuma ɓoye su daga yara. Ƙaramin batir in yaro ya haɗiye yana iya ƙona masa maƙoshi, asibiti za a nufa nan take.

In kunne biyu ne suka raunana, biyu ya kamata ka sa. Da kunne biyu ake gane ta ina mota ke tahowa, da su ake tsamo murya ɗaya cikin hayaniya. In aljihu bai kai ba, gara matsakaiciya guda biyu da mai tsada guda ɗaya. In ɗayar ce dai kawai, bar ma'aikacin ya zaɓi kunnen, ba lallai ne wanda ya fi mutuwa ba. Cikin ƙarin abubuwan da za a yi ta lissafa maka, biyu ne na ga sun cancanci kuɗinsu: makirufo mai fifita muryar wanda ke gabanka a kan ta bayanka, da Bluetooth in kana yawan waya, don magana ta shigo kunnenka kai tsaye. Sauran, in kwananka tsakanin gida da masallaci da shago ne, ba za ka ma san suna nan ba.

Farashin na bin dala, yau daban gobe daban, don haka tambayoyin da za ka yi kafin ka biya sun fi ciniki amfani. Kuɗin nan ya haɗa da dawowa a sake saitawa, har sau nawa? Garanti na shekara nawa ne, a rubuce? In ta lalace a nan ake gyarawa ko sai an aika waje, kuma me zan sa kafin ta dawo? In na gwada ba ta yi mini ba, ana canzawa? Kuna da abin auna sautin da ke isa cikin kunne bayan an saka na'urar? Wannan na ƙarshe wani siririn tiyo ne da ake zurawa kusa da dodon kunne a ga ko abin da kwamfuta ta ce shi ke fita. Ba ko'ina ake da shi ba, amma inda akwai, saitin ya fi zama daidai. In ɗanka ne zai aiko maka daga Saudiyya ko Ingila, ya fara tambayar mai saitawa na nan irin da yake iya buɗewa, don wasu a kulle suke zuwa. Na'urar da ka gada daga wani ma, in ta bayan kunne ce, ana iya sake saita ta a yi maka sabuwar roba. Ta cikin kunne kuwa ta mai ita ce kaɗai. In wata ƙungiya ta zo rabon kyauta, karɓa da godiya, amma ka tambayi lambar batir da inda za ka koma in ta tsaya.

Ranar sakawa, je da shigar da kake yi kullum. In mai hula ne ko rawani ko tabarau, da su za ka. Hajiya ta je da hijabinta da irin ɗaurin ɗankwalinta, domin yadi in ya rufe makirufo yana sa na'ura fito, ko ya riƙa ƙwas-ƙwas duk lokacin da aka juya kai, kuma ana iya rage wannan a wurin saiti. Je da wanda ka fi jin muryarsa a gida, ya yi magana a ji. Kada ka fita sai ka saka ka cire da hannunka a gabansu.

Makonnin farko ba su da daɗi, gara ka sani. Muryarka za ta zama baƙuwa. Za ka ji taunar kanka, ka ji takalminka, ka ji ruwa na zuba a buta da ƙarfin da ba ka san yana da shi ba. Ranar farko da na sa tawa, leda jikata ta murza a bayana na zabura, ta yi ta dariya tana cewa, "Yau angona ya warke, a daina gulmarsa." Ƙwaƙwalwa ta shekara ba ta jin waɗannan abubuwa, ta manta yadda ake watsar da su, sai ta sake koyo, kuma ba ta koyo in na'urar na cikin kwali. Fara da 'yan awoyi a gida, ka riƙa ƙarawa har ka kai yini cur. Karanta wani abu da ƙarfi don ka saba da muryarka. Kasuwa da gidan biki su zo daga baya. Wanda ke ajiye ta sai ranar taro shi ne wanda ba ya taɓa sabawa. Riƙa rubuta abin da ke damunka dalla-dalla, "ƙarar kwano na soka mini kunne", "ba na jin liman in ina sahun baya", ka kai wa mai saiti. "Ba ta yi" kawai ba ya gaya masa inda zai taɓa. Robar in tana yi maka ciwo a goge ta, ba a haƙuri da ita. Kuma ka sani ba za ta mayar maka da kunnen ƙuruciya ba. A cikin hayaniya sosai har yanzu ina duban bakin mai magana. Amma barin abin haka nan ma ba kyauta ba ne. Mutum yana janyewa daga mutane a hankali, kuma kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet a 2020 ya sa raunin ji cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ruɗewar tsufa waɗanda ake iya yin wani abu a kansu.

Mutanen gida, naku aikin kaɗan ne: ku daina ihu. Ihu na murɗe kalma. Kira sunansa tukuna, ku fuskance shi inda akwai haske, ku yi magana a natse. In bai gane ba, canza kalmar maimakon maimaita ta da ƙarfi. Kuma kada a ce masa "bar shi kawai, ba komai". Wannan ta fi rashin jin ciwo.

Ruwa ne babban abokin gabar na'urar ji, mu kuma sau biyar muke taɓa kunne da ruwa a yini. Cire ta kafin alwala, ka sa a 'yar akwatinta, ba a aljihun gaba ba inda za ta zame in ka sunkuya, ba kuma a kan dakalin masallaci ba. Tsane kunnen kafin ka mayar. Turare da man shafawa a gama da su tukuna. Da dare goge ta da busasshen ƙyalle, buɗe ƙofar batir, ka sa ta cikin gwangwanin busarwa mai 'yan ƙwayoyin tsotse danshi, musamman da damina. Kada a shanya ta a rana, kada a bar ta a mota ko kusa da murhu. Tiyon yana taurare bayan 'yan watanni, a canza shi. In aka kula da ita tana kai wajen shekara biyar, wani lokaci fiye. Ka riƙa komawa gwaji duk shekara, don ji na ci gaba da canzawa, kuma in za ka shiga inda injin ke ƙara, cire na'urar ka sa abin toshe kunne. Tsinken tsintsiya, ashana, gashin kaza da auduga mai tsinke kuwa, tura datti ciki kawai suke yi.

In wata rana ta yi shiru, kada ka tsorata. Canza batir ko ka duba cajin. Dubi bakin da ke shiga kunne, galibi datti ne ya toshe 'yar matatar da ke wurin, ana sayar da ta canji. Dubi tiyon ko ɗigon ruwa ya tsaya a ciki. Cire shi daga jikin na'urar ka busar. In fito take yi, yawanci ba ta zauna daidai ba ne, ko robar ta yi maka sako-sako, ko datti ya taru a kunnenka. In duk ka duba ba ta tashi ba, mayar da ita inda aka saita maka. Kada ka kai wa mai gyaran waya, ko da ya rantse ya taɓa gyara irinta.